Kafin ka sayi kyamara, ƙanena

Ƙanenmu na Garwa da ya ce ya gama bak, wato jarrabawar kammala sakandare, yana son shirya finafinan gaskiya kan al'adu, yana tambaya ko ya fara da sayen kyamara, kuma ko sana'ar tana riƙe gida: ga abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki tsakanin Marwa da Garwa.

Ajiye kuɗin kyamarar tukuna, ka nemi gidan rediyo. CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru, na da tasha a Garwa da Marwa da Ngaundere, ga kuma ƙananan rediyoyin al'umma masu neman wanda zai riƙe musu filin al'adu da Hausa ko Fulatanci. A can za ka koyi yi wa dattijo tambaya ka yi shiru har ya kai aya. Can kuma kunnenka zai buɗe. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma murya ta shaƙe, ya tafi. Makirfo mai kyau da soson tare iska sun fi maka babbar kyamara, musamman lokacin hunturu.

Da na yi aiki da majeman Marwa, sai da na daɗe ina zuwa hannu rabbana, ina zama bakin ramukan jima, warin bagaruwa da ɗanyar fata na bin rigata har gida. Wani tsoho a cikinsu ko kallona ba ya yi. Ranar da ya yarda, shi da kansa ya ce in zo bayan asuba kafin 'yan babur su cika titi, don a ji ƙarar wuƙarsa tana kankare gashi. Wannan ƙarar ce ta ɗauki fim ɗin. Irin wannan yarda ba a sayenta. Ka bi ta wurin lawan ko jauro, wato masu sarautar gari da unguwa, in fada ce ka gaida lamiɗo, ka riƙe takardar izinin ɗauka daga hukuma. In ka gama, ka koma ka nuna wa mutanen hotonsu kafin kowa ya gani. Yana ƙona mini rai yadda wasu ke ɗauka su ɓace.

Batun kuɗi, gaskiya da farko ba ya riƙe gida. Bukukuwan aure da ayyukan ƙungiyoyin agaji ne za su ciyar da kai, fim ɗinka kuwa a tsakani za ka yi shi. Tallafi na gaske sai da dosiye, wato takardun bayanin aikin, da Faransanci mai kyau, don haka kada ka yi wasa da rubutu. In da hali, makarantar ESSTIC a Yawunde na koyar da aikin jarida.

Labaranmu kuma suna kaiwa nesa. Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe a Chadi, ya kai fim ɗinsa kan waɗanda aka azabtar zamanin mulkin Hissène Habré a Chadi zuwa bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2016. Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, ta ɗauki rayuwar yaran Kolofata da ke arewacin ƙasar, ta ci babbar kyautar bikin finafinai na Rotterdam a 2023. Kusa da mu akwai bukukuwan finafinai na Écrans Noirs a Yawunde, da FESPACO a Wagadugu.

Ka fara da wayarka: minti 10, mutum ɗaya, sana'a ɗaya. Ka sa fassarar Faransanci a ƙasa, ka turo mana nan mu duba maka. Allah ya dafa maka.