Tambaya da Amsa: Za mu je bakin teku, ina za mu samu wuraren da ba cunkoso?

TAMBAYA: Salam Yaya, barka da aiki. Mu huɗu ne abokai daga Gwammaja, muna saro kaya a Legas amma kullum iyakarmu kasuwa sai masauki. Wannan karon mun ce sai mun ƙara kwana uku mun ga teku, amma ba irin bakin ruwan nan na kiɗa da kuɗin get ba, ƙauye muke so inda za mu taka da ƙafa mu sha iska. Mun duba Google Maps ya ƙara rikita mu. Ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye wayar nan tukunna, mai kwale-kwale ya fi ta sanin hanya nesa ba kusa ba.

Ku nufi Badagiri, can yamma da Legas ta hanyar bodar Seme, ku kwana a can kar ku ce za ku je ku dawo rana ɗaya, go-sulo kaɗai zai cinye muku yinin. A cikin gari akwai benen nan na 1845 da 'yan mishan suka gina wanda ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya (mu dai Kanawa da muka gaji soro sai mu yi murmushi mu wuce), akwai kuma kurkukun bayi na Seriki Abass, wani dillalin bayi na zamanin da, ɗakuna ƙanana masu duhu da in ka shiga sai jikinka ya yi sanyi. Waɗannan kowa na zuwa.

Abin da kuke nema yana tsallaken ruwa. Ku hau jirgi ku haye tsibirin Gberefu, daga nan sai ƙafa, hanyar rairayi ce tsakanin bishiyoyin kwakwa, ita ce aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa, a hanya za a nuna muku rijiyar da ake cewa duk wanda aka shayar da ruwanta sai ya manta gida. Yawancin baƙi da sun isa bakin tekun sai su ɗauki hoto su juya, to ku kar ku juya, ku bi gaɓar ku yi ta tafiya, kafin rabin awa hayaniya ta ɗauke, sai bukkokin masunta da taru a shanye da mata suna banda kifi, hayaƙin ma kaɗai ya isa ya sa ka jin yunwa. A nan za ku tsaya ku sayi kifi da kwakwa, kuna ci kuna tambaya. Wanda ka yi ciniki da shi shi ke gaya maka inda ba a rubuta ba. In yare ya gagara ku nemi mai shayi ko ɗan acaba, da wuya a rasa namu a ciki.

Sai dai fa kar ku je da tunanin hawan Dala ko Goron Dutse, can ƙasa a shimfiɗe take, wahalar a rairayi take, kilomita 3 a cikinsa sai ka ji cinyoyinka kamar ka yi noma. Ku fita bayan asuba, ku bi inda ya jiƙe ya fi tauri, ku dawo kafin rana ta take.

Sannan teku ba dam ɗin Tiga ba ce wallahi. Ruwan yana cikowa ya janye sau biyu a rana, wajen awa 6 tsakani, ni da kaina na taɓa ajiye takalmi da jaka a busasshen wuri na tafi yawo, na dawo na tarar takalmi ɗaya ya yi gaba, haka na koma masauki da silifas ɗin aro. Igiyar wajen tana ja ta ƙasa, ko ka iya iyo kar ka wuce gwiwa. Jirgin da ba rigar hana nutsewa kar ku shiga, ku yi ciniki har da na dawowa, ku riƙe rabin kuɗin sai ya zo ɗaukarku, ku karɓi lambarsa, kuma kar magariba ta same ku a kan ruwa.

In kun ga kurmi an ɗaura farin ƙyalle ko jan ƙyalle a bakinsa, wurin tsafinsu ne, ba shiga ba hoto. Ƙauyen da kuka shiga ku fara gaida mai gari, Bale suke ce masa.

Lokaci kuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, damina can tana da tsawo. Ku tafi da tsabar kuɗi don netwok yana ɗaukewa, da gorar ruwan sha, da man shafawa na sauro. Alwala kam kar ku ɓata ruwan gorarku, ruwan teku mai tsarki ne, sai dai kurkurar baki za ku ji a jikinku.