Igiyar gwanjo da ɗan baffanka zai kawo maka

Wani mai sana'ar sarar itatuwa ya rubuto daga Kaduna. Shekararsa huɗu yana rage rassan madaci da darbejiya da mangwaro a gidajen Unguwar Rimi da Malali, ya tara naira miliyan 2. Yana so ya ƙara injin yanka na biyu, sauran kuɗin ya fara tarin sayen mota mai ƙugiya don ya shiga neman kwangilar gwamnati. Igiya da fuli (ƙarfe mai ƙaramar taya da igiya ke bi ta kanta) da ɗamarar hawa kuwa, ɗan baffansa mai zuwa Kwatano ya ce zai samo masa na gwanjo a rabin kuɗi. Tambayarsa: injin kamfanin Stihl zai saya ko na Husqvarna?

Malam, sayi wanda kake samun kayan gyaransa a kusa da kai, duka biyun suna aiki. Ba nan matsalarka take ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, wato igiyar gwanjo.

Inji in ya lalace, tsayawa zai yi, ka sauko ka kai wa mai gyara. Igiya ba ta ba da sanarwa. Wadda aka taɓa fizga da nauyin da ya fi ƙarfinta, ko ruwan batir ya taɓa ta, za ka gan ta fes a ido alhali cikinta ya mutu. Ɗan baffanka ba cutarka zai yi ba, shi ma bai san tarihinta ba, dila ya buɗe ya gani. Kuma ranar da ta tsinke, wa za ka kama? Zumunci zai hana ka magana, mai gidan da aka yi wa ɓarna kuwa ba ruwansa da baffanku.

Ka yi lissafin da kanka. Ɗanyen gungumen madaci mai faɗin santimita 40, tsawon mita ɗaya, ya kai wajen kilo 100. In ka yanke shi ya faɗo ko da mita ɗaya kafin igiya ta tare shi, fizgar da za ta sha ta ninka wannan nauyi sau da yawa. Fulin da ka ɗaura a sama yana iya ɗaukar ninki biyu na abin da ke kan igiyar, saboda ana jan sa ta ɓangare biyu. Ƙulli ma yana cin ƙarfin igiya, wani har kusan rabi. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa ɗora wa igiyar sauke reshe fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta mata. Alamar kN da ke jikin kayan kirki ma'aunin ƙarfinsu ce, kowane kN ɗaya wajen kilo 100 ne. To wadda babu rubutu a jikinta, kashi ɗaya cikin goma na me za ka ɗauka?

Na san wani da ya yi irin dabararka. Shuɗiyar igiyar ɗaure kaya a mota yake aiki da ita, yana naɗe ta a gindin bishiya yana sassautawa. Irin wannan roba ce mai narkewa da zafin da bai wuce digiri 165 na Salsiyas ba, rana kuma tana cinye ta. Wata ranar zafi gogayya ta ƙona ta, reshe ya sauka kan katangar maƙwabci da gilashin motarsa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma injinsa ya sayar ya biya, yau yaron wani ne a sana'ar da ya fara koya wa mutane.

Da ni ne kai, injin na biyu zai jira. Kusan rabin kuɗin nan zan sa a sababbin kaya masu lamba da rasit: igiyar hawa daban, igiyar sauke reshe daban, launinsu ma ya bambanta don kada yaro ya haɗa su. Wadda ta taɓa ɗaukar gungume ba ta sake ɗaukar mutum. Sai fulin da aka ƙera don fizga, da majanyun ɗaure shi, da ƙarfen sassauta igiya na gindin bishiya, da ɗamara da hular kwano. Cen-bulok, wato sarƙar ɗaga inji ta makanikai, yana da amfani wajen jan kututture a ƙasa, amma kada a tare abin da ke faɗowa da shi.

Ka kuma sayi littafi na naira ɗari biyar. Kowace igiya ka rubuta ranar da ta fara aiki da ranar da ta sha mummunar fizga. A Ingila dokar 1998 ta wajabta a duba kayan da ke ɗaukar mutum duk wata 6. Kai babu mai tilasta maka, sai ka tilasta wa kanka, kuma kowane aiki ka cire wani abu ka ajiye na canjin igiya.

Mota mai ƙugiya kuwa, ka bar wannan mafarkin tukuna. Sau nawa a shekara kake samun aikin da sai da ita? Ranar da ya zo ka ɗauko haya ka sa a kuɗin mai gida. Ɗan baffanka in yana son taimaka maka, ya kawo maka takalma da rigar ruwa.