Muryar da aka ɗauka ta waya: za a iya juya ta zuwa SD2 a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da hirarrakin da na ɗauka da kakana ta waya tun shekarun baya yana ba ni tarihin gidanmu, yanzu Allah ya yi masa rasuwa. Fayilolin duk .amr ne a ƙarshen sunansu, sai guda biyu .gsm da wani ɗan'uwa ya turo min. Na kai wa mai situdiyo ya gyara sautin sai ya ce kwamfutarsa tsohuwar Mac ce in juyo masa su zuwa SD2. Na ga shafuka a intanet masu cewa suna yi kyauta, in yi da su? Kuma muryar za ta ƙara fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Toh bari in fara da tambayarka ta biyu don nan ne mutane suka fi ruɗewa. A'a, juya fayil kaɗai ba zai sa muryar ta ƙara fita ba.

Kaga AMR da GSM ɗin nan don layin waya aka ƙirƙiro su, aikinsu shi ne su matse magana ta zama 'yar ƙarama yadda za ta wuce ta netwok ba wahala, su dai a gane me mutum ke faɗa shikenan, daɗin sauti bai dame su ba. Suna gutsurar sauti, wato ɗaukar samfurinsa, sau 8,000 ne a daƙiƙa, kuma abin da suke riƙewa daga wajen 300 ne zuwa 3,400 a ma'aunin hatz mai auna kauri ko sirantakar sauti, duk abin da ya haura haka an zubar da shi tun lokacin da kaka ke magana, shi ya sa a waya wani lokacin ba ka bambance "sa" da "fa" sai an maimaita. GSM yana tafiya a kilobit 13 a daƙiƙa, AMR kuma daga 4.75 zuwa 12.2, minti ɗaya bai wuce kilobait 100 ba. Shi kuwa sautin situdiyo irin na faifan CD sau 44,100 ne a daƙiƙa, minti ɗaya na layin sauti ɗaya (mono) ya kai megabait 5. In ka juya za ka ga fayil ya kumbura sau 50 ko fiye ka ɗauka an ƙara masa wani abu, alhali kofin kunu ɗaya ne aka juye a babbar tukunya.

Amma duk da haka juyawar tana da amfani fa, don manhajojin situdiyo sun fi son sautin da ba a matse ba, kuma in ana ta gyara ana adanawa ba ya ƙara lalacewa.

Maganar SD2 kuma, gaskiya ni ban ba ka shawarar ka bi ta nan ba. Sound Designer II ne cikakken sunansa, kamfanin Digidesign masu manhajar situdiyo ta Pro Tools ne suka yi shi don kwamfutocin Mac na da, kuma yana da wani hali: sautin yana gefe ɗaya, bayanin yadda za a karanta shi (saurin gutsura nawa ne, bit nawa ne, layin sauti ɗaya ne ko biyu) yana wani ɓangare daban da tsarin Mac kawai ya san yadda ake riƙe shi. Da zarar fayil ɗin ya bi ta burauza ko imel ko kwamfutar Windows wannan ɓangaren yakan ɓace, sai ka isa situdiyo da fulash ɗinka a buɗe ya ƙi, ko a ji shuuu kawai. To me ya kai ka? Ka ce wa mai situdiyon za ka kawo AIFF ko WAV. AIFF na Apple ne tun 1988, WAV kuma Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, duk tsofaffin hannu ne, tsohuwar Pro Tools tana karɓarsu kuma in lallai SD2 yake so ita da kanta za ta juya masa a can cikin kwamfutarsa. Ka dai tambaye shi 44,100 yake aiki da shi ko 48,000, sai ka fitar a haka, bit 16, mono.

Shafukan intanet ɗin suna aiki wajen juyawa zuwa WAV ko AIFF, ban ce ba sa yi ba, sai dai ka sani loda musu fayil kake yi ya je ya zauna a kwamfutar wani da ba ka sani ba, kuma hirar tarihin gida akwai sunayen mutane akwai sirrin dangi a ciki. Ga cin data, turawa ba komai amma saukewa fa? hirar awa ɗaya ta haura megabait 300. In kana da laftof ka sauke Audacity, manhajar gyaran sauti ce kuma kyauta ce, ka haɗa masa FFmpeg mai juya fayilolin sauti don sai da shi yake buɗe AMR, ka jawo fayil ɗin ka fitar da shi a WAV ba tare da ya bar ɗakinka ba. Wanda ya saba da rubuta umarni kuma layi ɗaya ne: ffmpeg -i kaka.amr -ar 44100 -ac 1 kaka.wav

Kafin ka taɓa komai ka kwafi na asalin ka ajiye a wuri biyu, kuma don Allah kar ka ratsa ta MP3 a hanya, matsi kan matsi ne muryar za ta ƙara dusashewa. A situdiyo za su iya rage hayaniya su daidaita ƙarfin murya, amma ka zauna kusa ka saurara, in suka cika hannu wajen cire hayaniya sai ka ji kaka yana magana kamar daga cikin ruwa.

Tambaya daga wata baiwar Allah: Malam ni na goge .amr na rubuta .wav a sunan fayil ɗin amma ya ƙi buɗewa, ko ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba hajiya, suna kawai kika canza, abin da ke ciki yana nan a AMR ɗinsa. Ki mayar masa da .amr zai buɗe, manhajar VLC ma tana kunna shi, in WAV kike so sai an juya shi da manhaja kamar yadda na yi bayani a sama. Haka saƙon murya na WhatsApp, shi wani nau'in matsi ne mai suna Opus, shi ma canza masa suna ba ya juya shi.