Hukuncin Fafutukar Hana Mai da Tsohon Lambun Jama'a Rukunin Gidaje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A garin da nake zaune akwai wani tsohon lambu mai faɗi, da manyan itatuwa da tafki a tsakiyarsa. Kakanninmu ma a haka suka tarar da shi, kowa na shiga ya huta. Yanzu hukuma ta ce za ta miƙa shi ga wani kamfani ya sare ya gina rukunin gidaje. Mazauna yankin, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun kafa ƙungiya, ana tara sa hannu da kuɗin lauya. Wasu 'yan'uwa sun ce mini wannan fito-na-fito ne da shugabanni, kuma fifita itace ne a kan mutumin da ba shi da muhalli. Wasu matasa kuma na cewa a bi dare a lalata katafilolin kamfanin. Shin ya halatta in shiga wannan fafutuka? Zan iya ba da zakkata a ciki? Idan kuma aka yi ginin, ya halatta a sayi gida a wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, hukuncin nan ya rataya a kan abu ɗaya da ba ka ambata ba: filin na wane ne? Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ku nemo asalin takardun filin, domin ko dai mallakar wani mutum ne, ko wakafi ne, wato abin da mai shi ya tsayar don Allah ana amfana da shi, ko kuwa hurumin jama'a ne da hukuma ke riƙe da shi amana. Kowanne da hukuncinsa.

Idan mallakar mutum ne ko ta wani gida, kuma kirkinsu ne ya sa suka bar jama'a na shiga, to daɗewar shigar ba ta mai da shi naku ba. Mai shi yana da ikon ya sayar ko ya gina, matuƙar bai saɓa wa dokar tsara gari ba kuma bai cutar da maƙwabta ba. Abin da ya rage muku shi ne rarrashi da ciniki. Rijiyar Ruma a Madina ta wani mutum ce da yake sayar da ruwanta, kuma Annabi (SAW) bai ƙwace ta ba duk da tsananin buƙatar mutane. Kwaɗaitarwa ya yi, sai Usman ɗan Affan (RA) ya saye ta ya bar wa Musulmi. Ku tara kuɗi ku saya, ko ku roƙi hukuma ta saya ta biya cikakkiyar diyya.

Idan wakafi ne, magana ta yi ƙarfi ƙwarai. A hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da filin da Umar (RA) ya samu a Khaibar, sharaɗin shi ne ba a sayar da asalinsa, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Malikawa sun fi kowa tsanantawa a nan: ba sa yarda a sayar da ƙasar wakafi ko da ta zama kango, sai don faɗaɗa masallaci ko hanya ko maƙabarta. Hanbalawa sun yarda a musanya wakafi idan amfaninsa ya yanke gaba ɗaya, Hanafawa ma sun yarda da sharuɗɗa a gaban alƙali. Lambun da har yau mutane ke cika shi, amfaninsa bai yanke ba a wurin kowace mazhaba.

Na fi zaton naku na uku ne, wato hurumin jama'a, don haka a nan zan daɗe.

Masu cewa fili ne kawai a kwance, wanda ya raya shi ya zama nasa, suna kafa hujja da hadisin "Wanda ya raya matacciyar ƙasa, to tasa ce." Hadisin ingantacce ne, amma malaman fiƙihu ba su taɓa kiran filin da mutanen gari ke amfani da shi matacce ba. Shehu Khalil a Mukhtasar ya fitar da hurumin gari daga matacciyar ƙasa, ya ba da misali da wurin yin itace da makiyayar da ake zuwa da safe a dawo da yamma. Dokar ƙasa ta Daular Usmaniyya ta 1858 ta ware wa irin wannan fili suna na musamman cikin kashi biyar na ƙasa, wato ƙasar da aka bar wa jama'a, kuma Majalla, kundin hukunce-hukuncen Hanafiyya da aka tsara tsakanin 1869 da 1876, ta kafa ƙa'idar cewa abin da aka tarar tun da can ana barinsa yadda yake, sai in cuta ne. A da buƙatar mutanen gari ita ce ciyawa da itacen wuta. Yau buƙatar mazaunin birni ita ce inuwar da ke rage zafi, da ƙasar da ke shanye ruwan sama kada ya malale cikin gidaje, da wurin da yaro zai yi gudu ba a kan titi ba. Dalilin hukuncin ɗaya ne.

To shin shugaba na da ikon ya ɗauki irin wannan fili ya ba mutum ɗaya ko kamfani? Duba ƙissar Abyad ɗan Hammal da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, aka ba shi. Da ya juya sai wani a majalisin ya ce: Ya Manzon Allah, ka san abin da ka ba shi? Ka ba shi abin da yake kamar ruwan da ba ya yankewa. Nan take Annabi (SAW) ya karɓe kyautar. Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Abin da kowa ke ɗiba ba tare da wahala ba, ba a keɓance mutum ɗaya da shi, ko da shugaba ne ya ba shi. Sannan wanda ya jawo hankalin shugaba mutum ne daga cikin jama'a, ba a tsawata masa ba, da maganarsa aka yi aiki. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu kiran takardar koke tawaye. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tawayen da aka hana shi ne cire hannu daga biyayya da ɗaukar makami. Gaya wa hukuma ta yi kuskure kuwa yana cikin "Addini nasiha ne," kuma a hadisin Tamimud Dari an ambaci shugabannin Musulmi a cikin waɗanda ake yi wa nasihar. Malamai sun ƙulla ƙa'ida cewa tasarrufin shugaba a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaha, Imam Shafi'i kuma ya kwatanta matsayinsa da na waliyyin maraya a kan dukiyar marayan. Waliyyi yana iya sayarwa idan sayarwar ta fi wa maraya alheri, ba ya iya sayarwa don abokinsa ya ci riba.

Amma 'yan'uwan da suka kawo maganar marar muhalli ba shirme suka faɗa ba, kada ka raina su. Allah ya lissafa gida cikin ni'imominsa a aya ta 80 ta Suratun Nahli, kuma wurin kwana ya fi wurin shan iska kusa da larura. Birane na cika: a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018, kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, ana hasashen su kai kashi 68 a 2050. Sare itace kuma ba haramun ba ne a kan kansa. Filin da aka gina masallacin Annabi (SAW) akwai dabino a cikinsa, ya yi umarni aka sare, kamar yadda Anas ya ruwaito a Bukhari da Muslim. Hadisin da ake yawan jawowa na azabar wanda ya sare magarya, Abu Dawud da ya ruwaito shi ya fassara shi da wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta a daji, don wasa da zalunci, ba da wani haƙƙi ba. Don haka ban yarda 'yan ƙungiyarku su riƙa jifan kowane magini da wannan hadisi ba.

Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa da matsalarku shi ne na Umar (RA). Annabi (SAW) ya ce babu keɓe makiyaya sai ga Allah da Manzonsa, wato don amfanin gama-gari, ya rushe al'adar manyan Jahiliyya ta killace wa kansu ƙasa. Shi da kansa ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Imam Malik a ƙarshen Muwaɗɗa, da Bukhari, sun kawo wasiyyar Umar ga Hunayyu, baransa da ya ɗora a kan makiyayar: ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya hana dabbobin Abdurrahman ɗan Auf da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne su biyun idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa zai zo masa da 'ya'yansa yana kiran "Ya Amirul Muminina." Waɗannan sahabbai biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, amma bai hana Umar tambayar wa zai amfana wa zai cutu ba.

Ku yi wannan tambaya a kan aikin da aka kawo muku. Gidajen na wane ne? Idan manyan gidaje ne da mai ƙaramin ƙarfi ba zai taɓa kwana a ciki ba, to an ɗauke wa talaka wurin hutun da ba shi da wani, an ba wanda yake da lambu a cikin gidansa, kuma sunan marar muhalli aka ara aka yi ciniki da shi. Wannan zalunci ne, hana shi ta halattacciyar hanya farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka yi ta sauka a kan saura, a kan waɗanda suka sani kuma suke da iko, kai ma kana da lada. Idan kuwa gidaje ne na masu buƙata da gaske, sai a tambaya ko babu wani fili. Sau da yawa akwai kangaye da wuraren tsofaffin masana'antu da aka bari, kamfani ne kawai ya fi son lambu don ba sai ya yi rusau da share ƙasa ba. Sauƙin kamfani ba larura ba ce. Gida ana iya gina shi a wani wuri cikin shekara biyu, itacen da ya shekara ɗari kuwa sai an jira wata ɗarin. Sai idan ya tabbata buƙatar ta gaske ce kuma babu madadi, a nan hukuma na da ikon ɗibar gwargwadon larura bayan shawara da masana da mazauna, ta bar sauran, kuma a lokacin ba na ganin dacewar ku ci gaba da turjewa.

Ku ma ku auna kanku da ma'aunin. Wasu masu irin wannan fafutuka ba lambun ne ya dame su ba, tsoro suke kada talakawa su zama maƙwabtansu ko darajar gidajensu ta faɗi, sai su fake da itatuwa. Wanda niyyarsa ke nan ba shi da ladan da na ambata. Game da tarihin wurin kuma, kiyaye shi don ilimi da tunawa abu ne mai kyau, Alƙur'ani ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Idan dai akwai masu neman tabarruki da wani itace ko dutse a ciki, wannan ba ya cikin abin da ake karewa.

Haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba a kan wannan babu laifi. Annabi (SAW) ya halarci ƙawancen Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci.

Hanyoyin da suka halatta su ne takardar koke, ganawa da wakilai, rubutu a jarida, shigar da ƙara, da neman a sa wurin cikin wuraren tarihi da doka ke karewa. Taron lumana malaman zamani sun saɓa a kansa. Abin da na rinjayar shi ne halacci a inda dokar ƙasa ta yarda da shi, muddin ba a tare hanya ba kuma ba a jin tsoron ya rikiɗe tarzoma. Lalata katafila kuwa haramun ne, wanda ya yi sai ya biya. Dukiyar kamfani tana da alfarma ko da an ba shi filin bisa kuskure, kuma mai gadi da direban da za a kora ko a daka ba su suka sa hannu a cinikin ba. Haka nan haramun ne ku ƙara wa lambun shekarun da bai yi ba, ko ku ce wane ya ci hanci ba tare da hujja ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci.

Zakka ba ta shiga nan. An ƙayyade masu cin ta kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mazhabobi huɗu ba su sa ayyukan gama-gari irin wannan a ciki ba. Ka bayar daga sadakar ganin dama, ku kuma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin kuɗin jama'a amana ne a hannunku kamar yadda filin yake amana a hannun hukuma.

Sayen gida bayan an gina ya danganta da abin da ka sani. Idan an bi ƙa'ida, kotu ta duba ta tabbatar, ba ka kuma san wata ha'inci ba, sayen halal ne ko da ka so a ce hukuncin ya zo akasin haka. Idan kuwa ka san tabbas wakafi ne aka ci, ko da takardun jabu da toshiyar baki aka samu filin, kada ka saya, hukuncin kotu bai wanke shi ba. Annabi (SAW) ya ce a hadisin Ummu Salama, wanda ya yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya zance, yanki ne na wuta ya yanka masa. Wanda ya saya cikin rashin sani ba shi da zunubi, laifin na kan wanda ya ci da wanda ya sayar.

Allah ne mafi sani.