Farin kabeji da takin boron: me za a saya, nawa za a zuba?

Tambayoyin wannan mako sun zo ne daga masu noman farin kabeji, wanda 'yan kasuwa ke kira kolifulawa. Galibinsu daga Filato suke, inda sanyin tsauni ke ba wannan shuka abin da take so: kai ya fi ɗaurawa da kyau idan yanayi na tsakanin digiri 15 zuwa 20.

Tambaya: Ina noman rani a gefen Bukuru. Farin kabejina ya yi ganye gwanin sha'awa, amma da kai ya fito sai ga tabo kamar tsatsa a kansa. Mai shagon magani ya ce cuta ce, na fesa maganin da ya ba ni har sau uku, ban ga canji ba. In sake sayen wani ne?

Amsa: Malam, kada ka ƙara kashe ko sisi sai ka ɗauki wuƙa. Tumɓuke guda uku daga wurare daban-daban a gonar, ka tsaga kowanne daga tsakiyar kai har gindin kara, ka duba cikin.

Idan ka tarar da kogo a tsakiyar karan, bangonsa ya yi ruwan ƙasa ko ya fara baƙi, kuma a kan farin kan akwai wurare da suka fara kamar an ɗiga musu ruwa sannan suka rine, to mafi yawa yunwar boron ce. Gutsiri kaɗan ka ɗanɗana, za ka ji ɗaci. Taɓa ƙananan ganyen da ke kewaye da kan: sun yi kauri, sun nannaɗe, kuma da ka lanƙwasa sai su karye ƙaras. Babu maganin feshi na cuta da zai gyara wannan, domin ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba.

Boron sinadari ne da shuka ke gina bangon ƙwayoyin jikinta da shi, musamman a wuraren da ke sabon girma. Tun 1923 wata masaniya a Ingila, Katherine Warington, ta nuna a cibiyar bincike ta Rothamsted cewa shuka ba ta rayuwa idan babu shi. Abin da ke sa farin kabeji saurin jigata shi ne, boron da ya riga ya shiga tsohon ganye ba ya komawa sabo. Dole saiwa ta riƙa jawo shi kullum tare da ruwa. Ranar da kwami ya bushe, ranar ce boron ya daina hawa, ko da yana nan kwance a ƙasa. Kai kuwa a lokacin yake kumbura da sauri, sai namansa ya tsattsage daga ciki.

Amma ba kowane tabo ne boron ba. Idan bakin ganye ya yi rawaya, rawayar tana shiga ciki tana tsukewa kamar bakin mashi, jijiyoyin ganyen kuma sun yi baƙi, wannan baƙar ruɓa ce ta bakteriya, wadda ke biyo iri da fantsamar ruwa. Idan kan ya yi laushi yana wari, ruɓa ce. Idan kuwa rawaya kawai ya yi bai ɗaya, ba kogo ba ɗaci, rana ce ta buge shi. Ka riƙa karya ganye biyu ko uku kana rufe kan da zarar ya kai girman ƙwai.

Gaskiya mai ɗaci: kan da ya riga ya rine ba ya komawa fari. Waɗanda ba su ɗaura ba tukuna su ne za ka iya ceta da feshi, kamar yadda bayani ke zuwa a ƙasa.

Tambaya: Na shiga shagunan taki na ga abubuwa iri-iri da aka ce duk suna da boron: farin gari a leda, ruwa a kwalba, da takin feshi mai launi. Wanne zan saya? Kamfa da yuriya da nake zubawa ba su isa ba?

Amsa: Kamfa irin 15-15-15 ko 20-10-10 abu uku ne a cikinta, babu boron sai dai in an rubuta a buhu. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100. Yawan yuriya ma ƙara matsalar yake yi, domin yana ingiza shuka ta yi girman da boron ɗin ƙasa ba zai iya biya ba.

In ka je saye, kada girman leda ko kyan kwalba su ruɗe ka. Nemi harafin B a jikin takardar, ka karanta lambar da ke gabansa. Boraks yana da kusan kashi 11 cikin 100. Borik asid kusan 17. Tsakin boron da ake yi don gauraya da taki, irin Granubor, kusan 15. Solubor, wanda aka yi don narkewa a ruwa, ya ɗan haura 20. Ma'ana, kafin ka sami kilo 1 na boron tsantsa kana bukatar kilo 9 na boraks, ko kilo 6 na borik asid, ko kilo 5 na Solubor. Da wannan lissafi ake kwatanta farashi: idan kuɗin kilon Solubor bai kai ninki 1.8 na kilon boraks ba, Solubor ne ya fi sauƙi, ko da mai shago ya kira maka lambar da ta fi girma. Na ruwa kuma ana rubuta su da giram a lita. Wanda aka rubuta 150 yana nufin lita guda na da giram 150 na boron.

Inda manoma suka fi asarar kuɗi shi ne takin feshi mai haɗe-haɗe, wanda aka jera sunayen sinadarai goma a bayansa. Duba da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta B 0.02%. Idan ka zuba giram 50 na irin wannan a jarkar feshi, boron ɗin da ya shiga giram 0.01 ne. Giram 40 na boraks a jarka guda kuwa na ba da giram 4.4. Ninki sama da 400 ke nan. Ba mugun taki ba ne, amma ba zai warkar da yunwar boron ba.

Shawararmu: don zubawa a ƙasa sayi boraks ko tsakin, don feshi sayi Solubor ko na ruwa in ka samu, in ba ka samu ba boraks ma yana yi. Ka saya a rufaffen mazubi mai rubutu. Farin garin da aka ƙulla a leda ba suna, ido ba ya bambanta shi da garin kanwa ko gishiri. A ajiye shi nesa da yara da kayan girki, ba abin ci ba ne.

Tambaya: Nawa ake zubawa, kuma yaushe? Gonata ba ta kai hekta ba, kwamai ne.

Amsa: Abin da aka saba bayarwa ga farin kabeji shi ne kilo 10 zuwa 15 na boraks a hekta, wato kilo 4 zuwa 6 a eka. A sauƙaƙe, giram 1 zuwa 1.5 a kowace murabba'in mita. Kwamin da ke da mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo giram 6 zuwa 9 yake ci, bai cika ƙaramin cokalin shayi biyu ba. Idan ka dasa da tazarar santimita 60 da 45, hekta na ɗaukar shuka kusan 37,000, rabon kowace bai wuce abin da yatsu biyu za su tsinta ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam kada ka dogara da ido. Ƙaramin sikelin giram irin na masu sayar da zinariya shi ne abu na farko da ya kamata ka saya.

Ba yadda za a yi hannu ya raba wannan ɗan gari daidai a fili. Don haka a gauraya shi da busasshen rairayi, kilo 1 na boraks cikin kilo 20 na rairayi. Kada a juye gaba ɗaya. A fara cakuɗa shi da mudu biyu har ya bi, sannan a ƙara rairayi kaɗan-kaɗan ana juyawa. A watsa bai ɗaya a kan fili lokacin gyaran ƙasa, kafin dashe, a bi da fartanya ya shiga ciki, a ba da ruwa. Kada a zuba shi a ramin dashe ko a tara shi a gindin shuka yadda ake yi wa kamfa, saiwa za ta ƙone. Wata hanyar da ta fi sauƙi ga mai kwamai kaɗan: a narkar da rabon kowane kwami a butar ban ruwa, a yayyafa ko'ina.

Feshi kuma giram 2 zuwa 3 na boraks ne a lita guda, wato giram 32 zuwa 48 a jarka mai lita 16. In Solubor ne, rabin haka. Boraks ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi, ruwan hunturu kuwa ka san yadda yake, don haka a fara narkar da shi a kofin ruwan ɗumi, a tace da ƙyalle, sannan a juye a jarka. In ba haka ba zai kwanta a ƙasa ya toshe bakin feshi. Ganyen kabeji na da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa na gangarowa daga kansa, shi ya sa ake ƙara ɗan maganin manne da ake sayarwa a shagunan taki. A fesa da yamma ko da sassafe, a fi mai da hankali ga tsakiyar shuka inda sabon ganye yake. Na farko kimanin mako uku bayan dashe, na biyu bayan mako biyu, na uku da kai ya fara leƙowa. Kada a fesa wa shukar da ke jin ƙishi, a ba ta ruwa tukuna. Kuma kada a haɗa boron da takin kalsiyam a ruwa kaɗan, suna iya dunƙulewa. Duk abin da kake son haɗawa, gwada shi a kwalba ka gani kafin ka cika jarka.

Wanne ya fi, na ƙasa ko feshi? A jigawa mai rairayi, ko gonar da aka taɓa ganin kogo a bara, a yi na ƙasa sannan a bi da feshi ɗaya ko biyu. A ƙasar da ta sha toka kuwa feshi ya fi aiki. Manoman rani da yawa a kewayen Jos suna zuba tokar bola, kuma toka na rage tsamin ƙasa. Idan ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya haura 7, ƙasa na riƙe boron ta hana saiwa.

Tambaya: Tunda yana da amfani haka, in na ninka ba zai ƙara girman kai ba?

Amsa: A'a, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta lalata gona. Tazarar da ke tsakanin ƙarancin boron da gubarsa ƙanƙanuwa ce. Idan ya yi yawa, bakin tsofaffin ganye ne ke fara yin rawaya, sannan ya ƙone ya bushe. Farin kabeji yana da ɗan jurewa, amma abin da za ka shuka bayansa fa? Wake, gyaɗa, albasa, tafarnuwa da sitiroberi ba sa jure yawan boron. Mai shirin sa ɗaya daga cikinsu a wannan fili ya tsaya a giram 1 a murabba'in mita, ko ya wadatu da feshi kawai. Kada kuma a mai da zuba na ƙasa al'adar kowace shuka ba tare da dalili ba.

A gonar da boron ya wadata, ƙari ba ya kawo ko kai ɗaya. Ribarsa tana fitowa ne inda ake da ƙaranci: kai ya cika, ya yi nauyi da tauri, kuma waɗanda dillali zai ware ya ƙi saye su ragu. Gwajin ƙasa shi ke raba gardama. Idan sakamako ya nuna ƙasa da miligiram 0.5 a kilon ƙasa, akwai ƙaranci. Ana iya tuntuɓar sashen nazarin ƙasa na jami'a, kamar na Ahmadu Bello a Samaru, amma ka faɗa musu tun farko boron kake so a auna, domin ba ya cikin gwajin da aka saba yi. In hakan bai samu ba, bar kwamai biyu ba ka sa musu ba, ka tsaga kara daga kowane ɓangare ranar girbi.

Tambaya: Ni mace ce, ina da ɗan lambu a bayan gida. Na fesa boron yadda aka ce, amma har yanzu ina ganin rami a cikin kara, wasu kuma ganyensu ya zama siriri kamar bulala, ba su ɗaura kai ba.

Amsa: Hajiya, abu biyu ne daban kika haɗa. Duba ramin: idan bangonsa fari ne tas, ba tsatsa ba ɗaci, ba boron ba ne. Saurin girma ne, kuma yawan yuriya ko kashin kaji, da tazara mai faɗi tsakanin shuka, su ke jawo shi. Ki rage takin, ki raba shi kashi biyu ko uku maimakon zubi ɗaya, ki matso da tazara zuwa santimita 45 a layi. Irin wannan kai lafiyarsa ƙalau, a ci.

Ganye mai kama da bulala kuwa, wanda jijiyar tsakiya kawai ta rage da ɗan ganye a yayyage a gefenta, alamar ƙarancin wani sinadari ce, molibdinam, kuma a ƙasa mai tsami sosai yake fitowa, wadda pH ɗinta ya gaza 5.5. Boron ba ya taɓa shi. Maganinsa farar ƙasa ta noma da ake zubawa makonni kafin dashe, ko ɗan toka a ƙaramin lambu irin naki. Sai dai ki sa hannu da sauƙi, domin in tokar ta yi yawa boron ne zai ɗaure. Takin shanu da ya ruɓe sosai, bokiti guda a kowace murabba'in mita biyu, yana taimaka wa duka biyun, yana kuma riƙe danshi. Daga ranar da kai ya fara fitowa, ki riƙa tura yatsa cikin ƙasa kowace safiya. In kin ji bushewa a gaɓa ta biyu, ki ba da ruwa a ranar.