Neman gurbin digirin digirgir a fannin ƙwayoyin gado

Ɗan'uwa, ka ce kana neman gurbin digirin digirgir kan ƙwayoyin gado da yadda cututtuka ke bin jini a cikin al'umma. Fara da neman malamin da zai duba aikinka. Karanta bincikensa biyu, ka aika masa gajeren saƙo kan abin da ya ja hankalinka. Saƙo iri ɗaya ga malamai hamsin, kwandon shara yake ƙarewa.

Rabin aikin lissafi ne. UK Biobank, rumbun bayanan lafiya da ƙwayoyin gado na Birtaniya, shi kaɗai na da bayanan mutum kusan 500,000, don haka ka ƙware a R ko Python, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, tun yanzu. Cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta Wellcome Sanger a Ingila tana da shirin digirin digirgir na shekara 4 mai tallafi. Batun biza kuwa, tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙetare na jami'ar.