Ma'aikacina ya ji rauni a bakin aiki, me zan rubuta wa likitan inshora?

Tambaya: Ina da sito na kayan sari da ma'aikata 11. Ɗaya daga cikinsu bayansa ya riƙe yana sauke kaya daga mota, har yau bai dawo aiki ba. Kamfanin inshora ya ce in rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya faru, za su haɗa da takardun asibiti su miƙa wa likitan da zai duba maganar diyya. Ni kuwa na ji ƙishin-ƙishin dama can yana da ciwon baya. In sa a takardar cewa ina zargin ƙari yake yi?

Amsa: Malam, kada ka sa. Ba a kira likitan nan don ya auna gaskiyar ma'aikacinka ba. Abin da ake so ya tantance shi ne ko aikin ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi, ko magani ya kai iyakar abin da zai iya yi, wane lahani ne zai zauna, kuma wane irin aiki mutumin zai iya yi yanzu. Zarginka ba ya amsa ko ɗaya. Illa ma da zarar likita ya ga mai rubutu ya ɗauki ɓangare, sai ya soma shakkar sauran bayanan, har da na gaskiya. In kuma magana ta kai kotu, takardar nan da hannunka a kai lauyan ma'aikacin zai ɗaga ya karanta.

Na san abin da ke sa 'yan kasuwa irin wannan rubutun: tsoron kada a ce laifinsu ne. Ka kwantar da hankalinka. Tun dokar inshorar hatsarin aiki da Jamus ta kafa a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, tsarin da ƙasashe da yawa suka bi shi ne a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ba sai an tsaya neman mai laifi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da yarjejeniya mai lamba 121 ta 1964 a kan wannan diyya. Don haka ba takardar kare kai aka ce ka rubuta ba.

Ka jera abin da ya faru bi da bi, kowanne da ranarsa. "Ya ji ciwo yana aiki" ba ya amfanar da likita da komai. Alal misali, ka ce wajen ƙarfe 10 na safe ya sunkuya ya ɗauki kwali daga ƙasa, ya murɗa jiki zuwa hagu zai ɗora, sai ya saki kwalin ya dafe ƙugu. Ya zauna ne nan take ko ya ƙarasa aikin ranar. Wa ya fara gaya wa, da wane lokaci. Yaushe ya fara zuwa asibiti. Kwalin kuma ka ɗora irinsa a sikeli, kada ka yi kintace. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar nauyin da ya dace a ɗaga in komai ya daidaita, kuma iyakar tana raguwa in ana sunkuyawa, ana murɗa jiki, ko ana maimaitawa duk yini. Shi ya sa likita zai so ya san sau nawa mutumin ke ɗaukar irin wannan kaya a rana, kuma shekara nawa ya yi yana yi.

A nan bayaninka ya fi kowane hoto daraja. Mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauki hoton MRI na bayansu za a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya ɗan bulluƙo, musamman in shekaru sun ja. Hoto kaɗai ba zai gaya wa likita ko abin na ranar ne ko tsoho ne ba. Yadda aka ji ciwon da abin da ya biyo baya su ne ke taimaka masa, kuma wannan a wurinka yake.

Kowane layi ka nuna inda ka samo shi: na gani da idona, mai kula da sito ya shaida mini, yana cikin rajistar zuwa aiki, kyamarar tsaro ta ɗauka. Ta nan maganar tsohon ciwon za ta shiga, in tana da tushe. In akwai takardar hutun rashin lafiya da ya taɓa kawowa saboda baya, ka ambata da ranarta ka haɗa kwafi. In wani ne ya faɗa, ka rubuta wanda ya faɗa da abin da ya ce, ka tsaya nan. Ƙishin-ƙishin da ba mai shi ka bar shi. Kada kuma ka ɗauka tsohon ciwo yana kashe diyya, don dokoki da yawa suna biya in aiki ya tsananta ciwon da dama akwai shi. Abin da bai yi maka daɗi ba shi ma ka rubuta. In amalanken ɗaukar kaya ya lalace ranar, ka faɗa, ai sauran ma'aikata sun sani.

Kada ka raɗa wa ciwon suna da kanka, ka kwafo abin da likitansa ya rubuta yadda yake. Takardun lafiyarsa kuwa sirrinsa ne, wanda doka ta ba izini kaɗai za ka ba. Shafi biyu sun isa. Ka sa hannu da kwanan wata, ka ajiye kwafi, ka kuma tambayi kamfanin wa'adin miƙawa yau ɗin nan, don ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma jinkiri kan jawo tara ko rikici a kan biya.

In kana da aiki marar nauyi, kamar ƙirgar kaya ko rubuta rasit, ka bayyana shi a ƙarshen takardar: awa nawa ne, a zaune ake yi ko a tsaye, ana ɗaga wani abu ko ba a ɗagawa. In likita ya yarda zai iya, ma'aikacin ya dawo kan albashinsa da wuri, kwanakin da inshora ke biya su ragu, kai kuma ba ka rasa mutumin da ya san sitonka ba.